Tsingaro Tara a Daɓen Inna

Shekarun baya, lokacin da nake jin kaina wata tsiya don na fara iya karanta allon kan titi, na kusa tafka ɓarnar da har in mutu ba zan yafe wa kaina ba. Jiya na ga wata yarinya ta sa hoton ɗakin kakarta a shafin nan tana dariya, mutane suna taya ta. Shi ya sa na ce bari in ba ku nawa labarin. Wanda zai ji haushi ya ji.

Ni ban yi boko da ƙuruciya ba. A ƙauye aka haife ni, tafiyar awa ɗaya da ɗoriya daga Kano, aure ne ya kawo ni Gyaɗi-Gyaɗi. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na ɗauki jaka na shiga makarantar manya a Tarauni, ajin yamma, bayan na rufe rumfata ta kasuwa inda nake sayar da robobi da ledar ɗaki. An yi min dariya, na rama da baki, na ci gaba da zuwa. Amma karatun da ya riski mutum da girma yana da wani ciwo, in ba a yi hankali ba kai yake hawa. Ni dai ya hau min. In na je ƙauye babu abin da yake burge ni. Yadda suke ajiye ruwa, yadda suke shanya hatsi, yadda suke goya yara, komai sai na ce ba haka ake yi ba. Daga baya na ji ashe a bayan idona “Ba-Haka-Ba” suke kirana.

Sai na gaya muku yadda nake da mahaifiyata, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Ni ce 'yar farinta. Yaran yanzu ba su san wannan ba, amma a wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Kakata ce ta raine ni, gida ɗaya amma ɗaki daban. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. “Waccan” take ce min. In na kai mata tsaraba, ga ni zaune a gabanta, sai ta juya ta ce da ƙanena, “Ka ce an gode.” Na san al'ada ce, kowa ya sani. Duk da haka can ƙasan raina na riga na yanke cewa matar nan ba ta damu da ni ba. Zan yi mata abin da Allah ya ɗora min, shi ke nan.

Wata ranar Litinin bayan an tashi daga aji, malamarmu ta tsayar da ni. Yarinya ce, ba ta fi 'yata da shekara uku ba, amma ta yi karatu har ƙasar waje.

Ta ce, “Mama, ƙawata ta zo daga Indiya, tare muka yi karatu. Ran Asabar zan kai ta ta ga wani tsohon gida a cikin birni, kuma tana so ta ga ƙauye. Ni 'yar birni ce, ba ni da ƙauyen da zan kai ta. Ko za mu je naku?”

Na ce, “Me zai hana? Ai mu ma mutane ne.”

Bakina ne ya amsa. Ina hawa a daidaita sahu zuciyata ta fara aiki. Baƙuwa daga wata ƙasa, mai karatu, za ta shiga gidanmu, za a kai ta ta gaida Inna a ɗakinta. Ɗakin Inna kuwa ko siminti babu, daɓe ne.

Don masu tasowa: daɓe shi ne simintin iyayenmu, kuma aikin mata ne. Za a zuba marmara da tsakuwa a baje, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowacce da madaɓinta, wani katako mai faɗin ciki da mariƙi, su yi ta bugu suna waƙa. Sannan a dinga yayyafa ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, ana bugu, ana yayyafawa, har ƙasa ta yi duhu ta yi santsi tana ɗaukar ido. Inna ce uwar daɓen garinmu a zamaninta. Ba a kai amarya ɗaki sai ta taka ta ce ya yi. Amma a idona na lokacin, duk wannan sunansa ɗaya: rashin ci gaba.

Ina isa gida na kira ƙanena, wanda yake zaune da ita. Na ce ya nemo birkila a fasa daɓen nan a zuba siminti kafin Asabar, ni zan taho da leda mai kyau daga rumfa.

Ya ce, “Yaya, kin gaya wa Inna?”

“Kai ka gaya mata. Da ni take magana?”

Washegari ya kira ya ce ya gaya mata. Na ce me ta ce? Ya ce ta ce, “To.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan. Amma fa Yaya, ta yi shiru.”

Na ce, “Yaushe ta taɓa yin surutu? Ka yi abin da na sa ka.”

Kun san birkila. Talata ya ce Laraba, Laraba ya ce yana wani aiki, Alhamis aka yi ruwa, Juma'a ya ce Juma'a ce. Ran Asabar da sassafe, ina ɗaura ɗankwali, ƙanena ya kira ya ce ga mutumin ya zo yanzu da digarsa, ko a bari sai baƙi sun tafi? Nan na buɗe masa wuta. Maƙwabta ma sun ji. Na ce a fitar da kayan Inna tsakar gida, a fasa, a zuba siminti kafin azahar, ko bai bushe ba baƙuwa ta ga dai muna kan gyara. Na ce in na iso na tarar da ƙasar nan, shi da birkilan za su gane kurensu. Ya ce, “An gama, Yaya,” ya ce shi zai wuce gona. Na kashe waya ina jin na yi abin kirki.

Ƙarfe tara Malama ta tsaya a ƙofar gidana da motarta. Baƙuwar 'yar siririya ce, da doguwar riga da wando da mayafi, gashi an tufke shi a baya. Hausarta kalma biyu ce, “sannu” da “na gode”, kuma duk inda ta ga dama nan take jefa su. Ni kuwa kwana uku na yi ina haddar gaisuwa da Turanci. Na sako ta farko lafiya lau. Ta amsa da wani dogon zance kamar ana zazzage gero a kwano. Ban kama ko ɗaya ba. Na yi murmushi na gyaɗa kai, na ce da Malama, “Daga nan ke za ki ci gaba, ni na yi nawa.”

Gidan da muka fara zuwa yana can cikin birni, lungu bayan lungu, sai da muka ajiye mota muka taka. Gidan wani babban falke ne na zamanin da, ginin ƙasa, katanga mai kaurin da za ka kwanta a kanta. Shekarata ashirin da wani abu a Kano ban taɓa sanin da shi ba. Wani dattijo daga jikokin gidan ne yake kula da shi, shi ya zagaya da mu. Ya nuna mana zaure, ya nuna rufin azara da aka jera kamar saƙa, ya nuna inda ake sauke kayan raƙuma. Baƙuwa tana ta ɗaukar hoto. Ni ina biye ina hamma, ina cewa a raina, ashe akwai wanda zai hau jirgi ya zo kallon ginin ƙasa.

Sai muka zo wani ɗaki a can ciki. Dattijon ya ce a cire takalmi. Ina sa ƙafa na ji wani sanyi ya ratsa ni tun daga tafin ƙafa, sanyin da na sani. Na duba ƙasa. Daɓe ne.

Baƙuwar ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ta yi tambaya, Malama ta fassara: wane irin dutse ne wannan?

Dattijon ya yi dariya. “Ki ce mata ba dutse ba ne, hannun mata ne. Daɓen nan ya girmi ubana. Ku dubi can.” Ya nuna wata kusurwa da aka liƙa siminti, fari fat, duk ya tsattsage. “Nan ruwa ya taɓa zuba ya ɓata. Muka nemi masu daɓe har muka gaji, muka sa siminti. Sau biyu ana sakewa yana fashewa, na tsofaffin yana nan yana kallonsa. Masu yin irin wannan sun ƙare, Hajiya. Sun tafi da abinsu.”

Ni fa ba a faɗar abin da ba haka ba a gabana in yi shiru. Kafin in yi tunani na ji bakina yana cewa, “Baba, ba su ƙare ba. Uwata tana nan da ranta, kuma wallahi nata ya fi wannan kyau.”

Malama ta fassara. Baƙuwar ta miƙe zumbur, idonta ya kawo haske, ta kama hannuna tana magana da sauri. Malama ta ce, “Tana tambaya, a gidan da za mu je yanzu? Za ta gani da idonta?”

A nan na tuna da birkila da digarsa. Na duba agogon waya, sha ɗaya saura.

Na fita zaure na kira ƙanena. A kashe. Na sake kira. A kashe. Lokacin noma ne, in zai tafi gona wajen mai caji yake barin wayar. Matarsa ba ta da waya, lambar birkilan kuwa ban taɓa nema ba, ni da nake ba da umarni daga nesa. Na dawo na ce da Malama mu tafi, rana tana yi.

Muka fito ta Hotoro muka faɗa cunkoso, manyan motoci sun toshe hanya, 'yan a daidaita sahu suna kutsawa ta ko'ina. Ina zaune a gaba ina danna waya, gumi yana bin bayana. Malama ta dube ni ta ce, “Mama, lafiya?”

Na gaya mata. Duka. Na ƙara da cewa, “Kada ki gaya wa baƙuwar nan.”

Ta ce, “Ta riga ta tambaya. Ni kuma ba na ƙarya a fassara.”

“Ke dai Malama ba ki da rufin asiri.”

“Ke kika koya min, Mama. Kullum a aji cewa kike a faɗi gaskiya ko da ɗaci.”

Ta juya ta gaya mata. Na zuba wa gilashi ido, ina jiran in ji dariya ko tsaki. Can sai na ji hannu a kafaɗata. Baƙuwar ta yi magana a hankali, Malama tana mayar min. Ta ce su ma gidan kakarta na ƙasa ne. Ta ce mahaifinta da ya samu aiki, abu na farko da ya yi shi ne ya rushe shi ya yi na bulo, don yana son uwarsa, kuma don yana jin kunyar abokansa. Ta ce tana 'yar shekara takwas a lokacin, ko hoto babu, ƙamshin ɗakin kawai take tunawa. Shi ya sa duk ƙasar da ta je take neman irin waɗannan gidaje.

Malama dai da muka samu hanya ta taka mota yadda ban san ta iya ba.

Mun isa azahar ta kusa. Tun daga zaure na ji shi: dum, dum, dum. Ban san lokacin da na yar da jaka ba, takalmina ɗaya ya tsaya a bakin zaure. Mace mai jikoki, da gudu, ina ihu, “Tsaya! Kai, tsaya!”

Birkilan ya leƙo, fuska duk ƙasa, diga a hannu. “Hajiya, sannu da zuwa. Wallahi tun safe nake, ƙasar nan kamar ƙarfe, digata har ta lanƙwashe. Amma yanzun nan zan gama.”

“Kada ka ƙara ko bugu ɗaya!”

“Ikon Allah. Ba ke kika ce kafin azahar ba?”

“Na ce. Yanzu kuma na ce a bari.”

“To wanne zan bi?”

“Na ƙarshe!”

Ya jingine diga yana gunaguni, wai shi ya sa ba ya son aikin 'yan birni. Na leƙa. Daga ƙuryar ɗaki ya fara yana tahowa baya-baya wajen ƙofa. Abin da na yi kwana biyar ina zagi, taurin daɓen da jinkirin mutumin, shi ya cece ni. Wajen rabi ya fasa. Rabin wajen ƙofa yana nan, baƙi, yana sheƙi.

Sai a lokacin na lura da Inna. Tana zaune a kan tabarma a gindin darbejiya, kayanta jibge a gefe: gadon ƙarfe, akwati, kwanuka, buta. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa iska kamar kullum.

Kafin ka ce me gida ya cika da mata, an ji an kawo Ba'indiya. Wata gwaggona ta zagaya ta tana kallo ta ce, “Wannan ce? To ina furen? Ku ce ta yi mana waƙa mana.” Wata ta ce, “Ku duba bayan bishiya, ƙila saurayin yana can.” Aka kwashe da dariya. Malama ta fassara, baƙuwar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in ta yi waƙa kajin gidan ma guduwa za su yi. Ta durƙusa gaban Inna ta ce, “Sannu. Na gode.” Inna ta dube ta sosai ta ce, “Yarinya mai hankali. Ba ta ci komai ba ta fara godiya.”

Sannan baƙuwar ta nemi izinin shiga ɗakin. Ta cire takalmi, ta durƙusa a rabin da ya rage, tana shafawa. Can ta tsaya. A gindin bango, daga bakin ƙofa zuwa ciki, akwai wasu 'yan gutsattsarin tukunya, tsingaro, kowanne bai fi kan babban yatsa ba, an dasa su a jere cikin daɓen. Ni na san da su tun ina yarinya. Ado na ɗauke su, irin na mutanen da. Ban taɓa tambaya ba.

Ita ta tambaya. Ta ƙirga da yatsa, bakwai, layin ya ƙare daidai inda diga ta tsaya. Ta ce me ya sa a nan kawai aka sa, me ya sa bakwai?

Malama ta fito ta tambayi Inna. Inna ta dafa ƙasa ta tashi, ta shiga ɗakin. Ni na tsaya a bakin ƙofa daga waje.

Ta ce, “Ba bakwai ba ne.” Ta kwance haɓar zaninta. Ga guda biyu a ƙulle, da ƙasa a jikinsu. “Tara ne. Da mai digar ya fita shan ruwa na shigo na tsince waɗannan.”

Ta zauna a ƙasa, baƙuwa ta zauna a gabanta, Malama a tsakani. Da Malama take magana, ba da ni ba.

“'Yata, ki gaya mata ni ban yi karatu ba. In na haihu na gama wankan jego, sai mu sabunta daɓe. Sai in ɓanto bakin tukunyar da aka dafa min ruwan wanka in sa a nan. Kowane ɗa da nasa.” Ta fara bin su da yatsa, daga na hannunta zuwa na cikin daɓen. “Wannan yana nan, shi ne ya tafi gona. Wannan kwana tara ya yi. Wannan tana aure a gabas da mu. Wannan har ta fara tafiya, ƙyanda ta ɗauke ta. Wannan ko suna ba a kai ga yi ba.”

Kafin ta kai ƙarshen layin, huɗu ta lissafa da suka rasu. Ni biyu na sani. Ina da 'yan uwa biyu da ban taɓa jin labarinsu ba, kuma da safen nan na aiko a haƙe su a zubar a bayan gida.

Baƙuwar ta kai hannu kan na farko, na bakin ƙofa. Ya fi sauran santsi, ya lotsa, har daɓen da ke kewaye da shi ya yi ɗan kwarmi. Ta ce wannan fa, me ya sa ya bambanta?

Inna ta turo baki wajen ƙofa, ba tare da ta dube ni ba.

“Na waccan ne. Mai bakin.”

Matan da ke bayana suka yi 'yar dariya. Inna ba ta yi ba.

“Hannu ne ya cinye shi. A nan nake zama. Tun da aka kai ta birni, in aka ce an yi rigima a Kano, ko wata cuta ta shigo, ko an ce tana da ciki, ni ba zan iya tambaya ba, a ce ba ni da kunya. Sai in zauna a nan in ɗora hannu in yi ta roƙon Allah ya tsare ta, har wani ya zo da labari in ji a bakin mutane.”

Malama ta fara fassarawa. Ni ban tsaya jin ƙarshe ba. Na zagaya bayan rumbu, ni Ba-Haka-Ba, da takalmi ɗaya a ƙafa, na toshe baki da mayafi na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yarinya.

Da na wanke fuska na dawo, ƙanena ya dawo daga gona yana ta rantsuwa shi ba laifinsa ba ne. Na wuce shi na durƙusa gaban Inna. Na ce, “Inna, me ya sa ba ki hana ba? Kalma ɗaya za ki faɗa.”

Ta juya wajen ƙanena. “Ka ce mata, tun da take ba ta taɓa duban ɗakin nan ta ce ga abin da za a yi min ba sai wannan karon. Na ce ashe tana kallo. Yaya zan hana?”

Jama'a, da mari ta yi min da ya fi sauƙi.

Sauran yinin ya tafi yadda Allah ya so, ba yadda na tsara ba. Na sa an yanka kaji biyu, ashe baƙuwar ba ta cin nama sam. Gwaggona ta ce, “Ko na Sallah? Allah sarki, shi ya sa ba ta da jiki.” Dambun zogale da fura ta ci, ta ƙara, birkila kuwa ya ci kaza ya huce. Aka nemo madaɓin Inna, aka same shi an tokare ƙofar akurki da shi. Tsofaffi uku suka durƙusa a tsakar gida suka nuna mata yadda ake bugu, waƙar da suka yi shekaru ba su yi ba ta dawo bakinsu. Baƙuwa ta karɓa ta buga sau biyar ta ce hannunta ya mutu. Ta ba su labarin cewa kakarta da kashin shanu take shafe ƙasan ɗakinta. Gwaggona ta riƙe haɓa ta ce, “A ɗakin kwana? To wallahi mun fi ku.” Ledar da na taho da ita tana bayan mota, ko sauke ta ban yi ba.

Kafin magariba muka dawo Gyaɗi-Gyaɗi. Da zan sauka ta riƙe hannuna biyu ta ce, “Na gode.” Wannan karon a wurin da ya dace ta jefa shi, sai dai ni ya kamata in faɗa. Duk Turancin da na haddace ya gudu. Da Hausa na yi mata addu'a, na ce Malama kada ta rage ko kalma ɗaya.

Bayan sati biyu na rufe rumfa na koma ƙauye. Aka jiƙa makuba, aka kawo marmara, aka yi gayya, mata goma sha. Inna tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni, kuma ni ta fi gyara wa, ta bakin wasu: “Ku ce wa waccan ba da fushi ake bugu ba.” Hannuna ya yi kanta, gwiwata ta kwana uku ba ta miƙe ba. Da aka zo gindin bango, sai ta kwance haɓar zani. Na zaci ƙanena za ta miƙa wa. Sai ta miƙo min, hannu da hannu, ta ce, “Ungo.” Ni na mayar da su wurinsu, na wanda ya yi kwana tara da na ƙanena. Shi kuwa yana bakin ƙofa yana cewa, “Ashe ni aka fara haƙewa. Yaya, Allah ya isa.”

Inna ta yi shekara uku bayan nan, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunana ba, kuma ban ƙara jiran ta faɗa ba.

Ban ce kowa ya zauna a ɗakin ƙasa ba, ni ma tayil ne a ɗakina, kuma har gobe ina sayar da leda. Ban kuma yi nadamar karatu ba, da zan samu wani ajin gobe zan shiga. Abin da nake cewa shi ne, shekara arba'in da wani abu ina tsallake tsingaron nan, ban taɓa cewa “mene ne wannan?” ba. Na iya cewa ba haka ba ne, ban iya tambaya ba. Sai da Allah ya ɗauko wata baiwarsa daga ƙasar da ban san hanyarta ba, mai Hausa kalma biyu, ta yi yini ɗaya tak, ta yi tambayar a madadina. Abin da kunya ta hana Inna gaya wa 'yarta, ta gaya wa baƙuwa, ni kuma ina bakin ƙofa. Ban sake ganinta ba. Malama takan ce tana gaishe ni. Duk inda take, Allah ya saka mata da alheri, ita da Malama, har da birkilan da bai cika alkawari ba.

Ke kuma yarinyar da kika sa hoton ɗakin kakarki, ban zage ki ba, na riga ki yin abin da ya fi naki. Ki ajiye wayar ki je ki zauna kusa da ita, ki nuna abu ɗaya a ɗakin ki ce mata mene ne wannan.

Ɗakin Inna yana nan. Bara matar ƙanena ta kawo maganar a sa tayil, kallo ɗaya na yi mata ta ce wasa take. In na je, nakan cire takalmi in zauna a bakin ƙofa inda take zama. Ba na ma dubawa. Ina sakin hannuna, a kansa yake sauka.